Gulbi a Adabin Hausa: Ina Marubutanmu Suka Bar Kwara?

Duk wanda ya buɗe taswirar ƙasar nan zai ga cewa kogi ne ya raɗa mata suna. A shekarar 1897 wata 'yar jarida Baturiyar Ingila, Flora Shaw, ta ba da shawarar a kira wannan yanki Nijeriya, daga sunan da Turawa suke kiran Kwara da shi, maƙwabciyarmu Nijar ma daga nan ta samo nata. Tambayar da wannan sharhi yake son ɗorawa a gaban 'yan'uwa marubuta ita ce: yaya aka yi kogin da ya ba ƙasashe biyu suna ya rasa wurin zama a ƙagaggun labaranmu?

Kwara ya taso ne daga duwatsun ƙasar Gini, ya yi tafiyar kilomita wajen 4,180 kafin ya faɗa teku. Mutanen Mali suna ce masa Joliba, Zabarmawa kuwa Isa Ber. Mai karatu na iya cewa ai Kwara ya yi nisa da mutumin Anka ko Bukkuyum. Bai yi ba. Ruwan da ya sauka a gonakin Tungar Guru gangarawa yake yi zuwa gulaben yankin, wato Gulbin Zamfara da Gulbin Ka. Na Zamfara ya ratsa ta Gummi da Jega, dukansu biyu suka zube cikin Gulbin Sakkwato a ƙasar Kabi, shi kuma ya miƙa wa Kwara. Ashe ke nan manomin Zamfara yana da hannu a cikin babban kogin, ko da bai taɓa ganin Yawuri ba.

Tarihinmu kuwa bai taɓa rabuwa da bakin ruwa ba. Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, a gefen Gulbin Rima yake. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Kilafatan taswirar da ta nuna Kwara, a lokacin da Turawa suke ta neman sanin inda kogin ya dosa. Kafin nan Mungo Park ya halaka a Busa a 1806, sai a 1830 Richard Lander da ƙanensa suka bi ruwan har bakin teku. Daga nan aka sami hanyar jiragen 'yan kasuwa, aka ba Kamfanin Neja izinin mulki a 1886, aka kafa tutar Ingila a Lakwaja a 1900. Ta ruwa mulkin mallaka ya shigo mana. Hatta sulhun Kabi da Sakkwato a bakin ruwa aka yi bikinsa, domin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu zuwa Argungu a 1934 ita ce tushen bikin kamun kifi na Matan Fada.

To, sai mu waiwayi rubutaccen adabi. Daga littattafan gasar 1933 da Rupert East ya shirya, wanda ya fi shahara ruwa ne a cikin sunansa, wato Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Amma wane irin ruwa ne? Ruwan magani ne na ƙasar aljannu, wanda jarumi ya bar gida ya tafi nema. Abin lura shi ne Imam haifaffen Kagara ne, jaruminsa kuma mutumin Kwantagora, garin da ba shi da nisa da Kwara, duk da haka ruwan almara ne ya ɗauki hankalinsa. Ganɗoki na Bello Kagara ya fara da yaƙin Turawa a wannan yanki, sannan ya lula ƙasashen mafarki. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fuskanci arewa, ya bi ayarin hamada. Ba aibu ba ne ga waɗannan magabata, kowa ya rubuta abin da zamaninsa ya nema. Aibin yana kanmu da muka gaji hanyar ba mu faɗaɗa ta ba. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga ƙarshen shekarun 1980, labari ya koma falo da ɗakin amarya da harabar makaranta, in an ambaci kogi to wurin shaƙatawar masoya ne, ko inda wadda aka yi wa auren dole za ta je ta faɗa.

Akwai dalilai. Labarin asalin Hausawa kansa a bakin rijiya ya faro, Kusugu ta Daura, kuma manyan biranen da suka riƙe alƙalami da maɗaba'a, Kano da Katsina da Zariya, rayuwarsu ba ta dogara ga jirgin ruwa ba. Mutanen ruwa kuwa, Sarkawa da masunta da masu fito, iliminsu a baki yake. Su suka san lokacin da ruwa ke kawowa da lokacin da yake janyewa, da gurbin da kada ke kwana, da haddin Sarkin Ruwa. Adabin baka bai yi sakaci da wannan ba: makaɗan fada sun sha kamanta sarki da gulbi, 'yan bori suna da Sarkin Rafi, masu iya magana sun ce kogi ba ya ƙin ƙari. Marubucin birni ne bai je ya zauna da su ba.

Wasu al'ummu sun nuna abin da za a iya yi. Ɗayyib Salih na Sudan, a littafinsa na 1966 kan hijira zuwa arewa, ya sa Nilu ya zama ma'aunin rayuwar ƙauye, har mai ba da labarin ya yanke hukuncin rayuwa ko mutuwa a tsakiyar ruwan. Ngugi na Kenya a 1965 ya ɗauki kogi guda tsakanin tuddai biyu ya auna rabuwar jama'arsa a kan addini da al'ada. A wurinsu, in ka cire kogin labarin ya rushe. Wannan shi ne gwajin da ya kamata matashin marubuci ya yi wa aikinsa.

Kada wani ya ce babu abin rubutawa. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, tsohuwar Busa ta nutse, aka tashi dubban mutane daga garuruwansu na gado. An gina madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, manoma suka rasa gonaki, na ƙasan ruwa suka rasa ambaliyar da ke ciyar da fadamunsu, kuma a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe wuta a kan masu neman diyya. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, cikinsu har da Tungar Guru da 'Yargalma da Dareta da Abare, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje a wanke shi a kududdufai, yara fiye da 400 suka rasu. A watan Satumba na 2024 jirgin fito ɗauke da manoma ya kife a ƙasar Gummi, mutane masu yawa suka halaka a hanyar zuwa gona. Rahoton jarida yana ba da adadi ne ya wuce. Ƙagaggen labari shi ne zai iya shiga zuciyar mai fito da ya san jirginsa ya cika amma bai iya hana maƙwabcinsa shiga ba, ko uwar da kuɗin zinariya ya sa ta ga tukunyarta ta cika a shekarar da ta binne 'ya'ya biyu.

Shawara ga mai son gwadawa: ya guji siffanta ruwa da kalmomin aro irin su garai-garai da lumshi alhali bai taɓa tsayawa a mashigi ba. Ya je ya ga yadda ake jiran jirgi ranar kasuwa, ya ji nawa ake biya, ya koyi sunan kowane kifi da kowane kayan su, mali da koma da gora, ya ji karin harshen Zamfarawa da Kabawa ya bar shi a bakin taurarinsa yadda yake. Ya kuma tuna cewa gulbinmu na yanayi ne, da damina ya cika ya raba gari da gari, da rani ya koma rairayi ana tonon ruwa a cikinsa. Wannan sauyi kaɗai ya isa ya tsara wa littafi babi-babi.

Ƙungiyarmu ma tana da nata aikin. Ba zai gagara ba a sa gasa ta gajerun labarai a kan rayuwar bakin gulbi, a kuma nemi matasan Gummi da Jega da Argungu da Yawuri su shiga, domin su ne suka tashi da ƙarar ruwan a kunnensu. Dattawan da suka ga tsohuwar Busa da waɗanda suka tsira a Bakolori suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, in ba a je an ji daga bakinsu yanzu ba, nan gaba sai dai a ƙaga. Allah Ya ba mu ikon cike wannan giɓi, amin.