Akwati, Buki da Hanya: Yadda Silimar Ƙasarmu ta Nuna Mai Komowa Gida

Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. Ga mutanen Arewa wannan magana ba ta bukatar fassara. Da zarar an yanke hatsi, an ɗaure dammuna, an zuba a rumbu, sai lokacin bukukuwa ya kama. Ma'aikacin da ke Yamai, da ɗan lakwal da ya samu hutu, da ɗan kasuwar da ke zaune Legas ko Kwatano, kowa sai ya ɗaure kayansa ya nufo Dogon Dutsi, ko Tibiri, ko Matankari, don ya gaida iyaye, ya kuma tsaya wa abokinsa ranar ɗaurin aure.

Masu yin silima na ƙasarmu sun daɗe suna duban wannan mutum mai komowa gida. Akwai finafinai 5 da suka fito tsakanin 1966 da 2016 waɗanda suka yi magana a kansa. Nufinmu a nan shi ne mu ɗora su bisa ma'aunin mutumin Arewa, mu ga inda suka faɗi gaskiya da inda suka rage. Abu uku ne ke gaban duk wanda ya zo hutu gida: akwatin da ya ɗauko, bukin da ya tarar, da hanyar da ya biyo. A ganinmu, silimarmu ta gama da maganar akwati, ta taɓa rabin maganar buki, amma hanya har yanzu tana jiran mai ba da labarinta.

Akwati

A 1966 Mustafa Alasan ya fito da Le Retour d'un aventurier, wato komowar ɗan yawon duniya. Wani saurayi mai suna Jimi ya dawo daga Amurka da tsaraba domin abokansa: huluna masu faɗin baki, da takalma, da bindigogi, irin kayan kaboyi na silima. Abokan suka sa kayan, suka sauya sunayensu, suka hau dawaki, suka shiga sata da faɗa, har garinsu ya rasa kwanciyar hankali. Zalika Sule, wadda ta zama ta farko cikin matan Nijar da suka riƙi wasan silima sana'a, ta fito a cikinsa.

Fim ne mai ban dariya, amma dariyar tana da ƙaya. Mustafa Alasan ya gane cewa tsaraba ba ta tsayawa ga riga. Wanda ya kawo riga ya kawo halin masu rigar. Jimi bai zo da niyyar ɓata garinsu ba, so yake ya faranta wa abokai, a ce lalle wane ya ga duniya. A yau hular kaboyi ta wuce, amma salula mai tsada da babur sabo da ɗinki na yayi suna yin aikinta. Yaron da ya ga yayansa ya sauka da su, daga ranar gona ta fara fita ransa.

Bayan wannan sai Umaru Ganda ya yi Cabascabo, wanda aka nuna a bukin silima na Kan, a Faransa, a 1969. Umaru Ganda da kansa ya yi sojan Faransa a yaƙin Indoshin, shi ne kuma ya fito a matsayin tauraron fim ɗin. Tsohon soja ya dawo gida da kuɗin sallama. Abokai suka yanyame shi, maroƙa suka yi ta yabo, aka ci, aka sha. Ranar da aljihu ya bushe, sai ya duba bai ga kowa ba. Ya nemi aiki ya sha wulaƙanci, daga ƙarshe ya juya wa birni baya ya nufi karkara.

Cikin finafinan nan duka, wannan ne ya fi shiga rai, domin wanda ya yi shi ya san abin da yake faɗi. Babu ado, babu dogon surutu, hoton baƙi da fari ne, tsawonsa bai kai awa guda ba. Abin da ya fi burgewa shi ne ba a wanke sojan ba. Abokan banza suna da laifi, amma shi ne ya buɗe musu ƙofa, don yana jin daɗin kirari. Duk ma'aikacin da ya taɓa karɓar albashi ya nufo gida, ya raba shi cikin kwana uku don kada a ce ya tsiyace, zai ga fuskarsa a nan. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Buki

Umaru Ganda ya sake komawa kan mai dawowa gida a cikin Le Wazzou polygame. A wannan karon daga Makka aka dawo. Alhaji ya sauka da suna da dukiya, yana da mata biyu, sai ya sa ido ga wata yarinya, Satu, wadda aka riga aka yi wa wani saurayi, Garba, alkawarinta. Dukiya ta rinjayi alkawari, aka sa ranar buki. Matar Alhaji ta biyu, wadda Zalika Sule ta fito a matsayinta, kishi ya rufe mata ido, ta tashi kashe amarya, sai ta kuskure ta kashe ɗaya daga cikin ƙawayenta. A 1972 wannan fim ya ci babbar kyautar bukin silimar Afirka na Wagadugu, shi ne na farko da aka ba ita.

Ya cancanci kyautar. Ya nuna yadda mai kuɗin da ya sauka daga tafiya kan ture wanda ya zauna gida, ya kuma nuna cewa wadda ba ta ci ba, ba ta sha ba, ita ce ta biya da ranta. Sai dai bukin da muke gani a nan na bala'i ne, irin wanda kan faru jefi-jefi. Bukin da ke cin mutane kullum shi ne wanda aka tashi lafiya, aka watse lafiya, bashi ya rage.

A 2016 Rahmatu Keita ta fito da Zin'naariyâ, wanda ya zama fim na farko da Nijar ta aika gasar Oscar ta Amurka, a 2018. Labarin Tiya ne, ɗiyar gidan sarauta a Damagaram, wadda ta dawo hutu daga karatu a Faransa. Ta bar zuciyarta ga wani saurayi da ta haɗu da shi can, tana jiran ya zo neman aurenta. Aka nemo mata shawarar wani zima, aka yi maganar zoben zinariya da tsayuwar sabon wata. Kafin wata ya tsaya, sai ta yi ta zama da mata, manya da yara, tana jin labarin aurensu, da na rabuwarsu, da na jiran mazan da suka yi nisa.

Ido yana hutawa a wannan fim. Lalle, da kitso, da zane, da ginin ƙasa, duk an nuna su da daraja, ba a mai da mu abin tausayi ba. Ya kuma yi abin da na baya ba su yi ba, wato ya sa mace ce mai komowa, ya ba matan da suka zauna gida baki su yi magana. A nan mai hutu ya zo koyo, bai zo nuna kansa ba. Wannan darasi ne babba.

Amma a sa shi a ma'aunin Arewa, sai a ga giɓi. Tiya ɗiyar sarauta ce, maganar kuɗi ba ita ke hana ta barci ba. To, yarinyar Kyeshe ko ta Dankasari fa? Wata mai bincike daga Amurka, Adeline Masquelier, wadda ta fara zama da mutanen Dogon Dutsi tun 1988, ta yi rubutu a 2004 a kan gado da kayan ɗakin amarya, da yadda uwa kan wahala kafin ta haɗa su don kada a yi wa ɗiyarta dariya. A 2005 kuma ta rubuta a kan samarin da tsadar aure ta hana su zama magidanta. Mu da muke ciki mun san sauran. Gudunmawar da aka kai maka ranar bukinka ba kyauta ba ce, ajiya ce, ranar bukin mai ita za ka mayar har da ƙari. Abokin ango da ya zo daga birni ana sa ran hannunsa ya fi na kowa nauyi: kuɗin makaɗa, da na goro, da na motar kai amarya, da anko. Babu fim ɗaya cikin biyar ɗin nan da ya zauna ya yi wannan lissafi.

Hanya

Saura Jaguar, na Bafaranshe Jean Rouch, wanda aka fara ɗauka a 1954 amma bai fito ba sai 1967. Samari uku, Damure Zika, da Lam Ibrahim Diya, da Illo Gawdel, suka tashi daga Ayoru suka nufi Gwalkwas, wato Gana ta yau. Muna ganinsu bisa hanya, suna ratsa garuruwa, suna fama da masu tsaron iyaka, har suka kafa tebur a kasuwar Kumasi. Da suka komo gida, abin da suka tara cikin watanni suka rabar da shi nan da nan. Shi kaɗai ne ya ba hanya haƙƙinta. Sai dai hanyar ƴan bida ce ta zamanin mulkin mallaka, an kuma yi ta da raha, kamar tafiya wasa ce.

Hanyarmu dabam take. Daga Yamai zuwa Dogon Dutsi ya fi kilomita 270 bisa babbar hanya ta ɗaya, wadda ta ratsa Dosso da Kore Mairuwa, ta wuce Ƙonni da Maraɗi har Damagaram. Wanda garinsu ba a bakin wannan hanya yake ba, sai ya sauka ya nemi ƙaramar mota ko babur. Ga sammako a tasha, ga kaya bisa kaya, ga shingayen bincike, ga direban da ke tsere da rana, ga jakai da shanu da ke ratsa kwalta da magariba. Gidaje nawa ne a Arewa aka shirya tarbar baƙo, aka ƙare da zaman makoki?

Hanyar kuma tana da tarihi. Tsofaffi sun ba da labarin aikin tilas na zamanin Nasara, lokacin da ake kwasar mutane daga gonakinsu a kai su gyaran hanyoyi, abin da ba a hana ba sai 1946. Ita wannan mai bincike da muka ambata ta rubuta a 2002 yadda mutanen Arewa ke danganta haɗarin mota da iskokin da hanya ta ratsa mazauninsu. Ko mutum ya yarda da wannan ko bai yarda ba, maganar tana nuna cewa jama'a na kallon kwalta da fuska biyu: ita ke kawo ɗa, ita ke ɗauke shi. Mai silimar da ya ajiye na'urarsa cikin motar haya daga Yamai zuwa Dogon Dutsi, ya saurari fasinjoji, ba zai rasa labari ba.

Abin da ya rage

Ba mu faɗi wannan don rage darajar magabata ba. Umaru Ganda ya rasu a 1981, Mustafa Alasan a 2015, Zalika Sule a 2021, Allah ya jiƙansu. Sun yi aiki da kayan aiki kaɗan, sun bar mana madubi. Kiranmu ga na baya ne, musamman ƴan wasan kwaikwayo da matasan Arewa da ke ɗaukar hoto da salula. Labarin da ba a ba da ba yana ƙofar gidanku: malamin lakwal da ya ci bashi don ya halarci auren abokinsa, ya kwana bisa hanya, ya yi kwana uku ana yi masa kirari, ya koma bakin aiki da aljihu wayam, alhali rufin ɗakin tsohuwarsa yana nan yana zuba. A yi shi da Hausa, da harshen Arewa, don tsohuwar ita ma ta gane.

Ku kuma masu karatu, in hutu ya zo, a tuna ba a fafe gora ranar tafiya. A ware kuɗin mota na zuwa da na komowa tun kafin a taɓa na buki. A fara da bukatar iyaye kafin ta maroƙa. A tashi da wuri don kada dare ya riski mutum bisa hanya. Baƙo raɓa ne, in ji masu iya magana, amma raɓa ma takan bar danshi ga shuka. Abin tambaya ga kowane matafiyi shi ne me gida ya ƙaru da shi bayan motarsa ta tashi.

Allah ya kai kowa gida lafiya, ya ba ango da amarya zaman lafiya, amin.