Sharhi Kan Gyaran Dokar Superfund

Majalisar Dokokin Amurka ta kafa dokar Superfund a 1980, bayan shara mai guba ta tashi mazauna unguwar Love Canal. Dokar ta ɗora kuɗin tsabtace irin waɗannan wurare a kan duk mai hannu a gurɓata su, komai ƙanƙantar hannunsa. Gyaran 2002 ya yi adalci da ya sassauta wa ƙananan 'yan kasuwa da masu sayen filin da wani ya gurɓata. Sai dai bai taɓa babbar matsalar ba, wato harajin kamfanonin mai da sinadarai da ya tsaya a 1995. Ke nan, inda mai laifi ya ɓace, nauyin ya koma wuyan talaka mai biyan haraji, har 2022 da harajin sinadarai ya dawo.