Mai Bindiga da Garin da Ya Ceta: Nazari a Kan Finafinan Kaboyi

Wanda ya yi zamanin silima a Kano ko Kaduna ko Yamai ba sai an kwatanta masa kaboyi ba: malafa, doki, bindiga a ƙugu, ƙura na tashi a bayansa. Da yawa daga 'yan kallon wancan lokaci ba sa jin Turancin da ake yi, amma ba sa kuskuren gane akta da bos, kuma sun san ƙarshenta za a yi fito-na-fito a tsakar gari. Wannan sauƙin ganewa ne ya sa ake yi wa finafinan kuɗin goro, wai in ka ga ɗaya ka ga duka. Ni ban yarda ba. Harbin kam kusan iri ɗaya ne ko'ina. Inda suke rabuwa shi ne abin da kowanne ke yi da mai bindigar bayan ƙura ta lafa: gari ya riƙe shi, ko ya juya masa baya, ko shi da kansa ya gane ba shi da wurin zama cikin mutanen da ya ceta.

Zamanin da ake ba da labarinsa gajere ne ƙwarai. An gama yaƙin basasar Amurka a 1865, sai aka shiga kora garkunan shanu daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, sana'ar da ba ta wuce shekara 20 tana tashe ba. Tun 1862 akwai dokar da ta ba mutum eka 160 idan ya zauna ya noma ta shekara 5. A 1869 layin dogo ya haɗa gabas da yamma, a 1874 waya mai ƙaya ta samu rajista, manoma suka fara killace filayen da dā shanu ke ratsawa yadda suka ga dama. A 1903 har an yi fim ɗin The Great Train Robbery. Wyatt Earp, jami'in tsaron wancan zamani da aka yi ta shirya finafinai a kansa, a Los Angeles ya rasu a 1929, yana ganin ana mayar da zamaninsa tatsuniya. Kaboyin gaskiya kuwa ɗan ƙwadago ne mai kiwon shanun wani, da yawansu baƙaƙen fata ne ko 'yan Meziko, abin da Hollywood ta daɗe tana ɓoyewa.

Mai karatu na ƙasarmu zai fi saurin gane Shane, wanda George Stevens ya shirya a 1953, domin rigimar manoma da masu shanu ce tsagwaronta. A Wyoming abin ya faru, jihar da aka zubar da jini a kan irin wannan rikici a 1892. Ryker, mai garken shanu, yana son korar manoman da suka kafa shinge a hanyar mashaya. Stevens bai mayar da shi shaiɗan ba. Ya ba shi fili ya faɗi hujjarsa: shi da irinsa ne suka fara zuwa, suka sha wuya, yanzu baƙi sun zo da takardar gwamnati suna tare masa ruwa. Mai kallo zai ji hujjar ta shiga, sa'an nan manomi Joe Starrett ya tuna masa cewa akwai waɗanda suka riga shi ma. Laifin Ryker ya tabbata ne ranar da ya ɗauko makashin haya, Wilson, wanda Jack Palance ya fito a matsayinsa. Wurin da Wilson ya harbe wani ɗan manomi mai cika baki a cikin taɓo, a ƙofar gidan giya, yana cikin kisa mafi muni da na gani a fim. Stevens ya ɗauki hotunan sansanin Dachau a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, ya san abin da harsashi ke yi wa mutum, shi ya sa ya ƙara wa bindiga ƙara, ya sa aka fizge ɗan wasan da igiya ya faɗi baya. Shane, mai bindigar da ya tsaya wa manoman, ya kashe Wilson da Ryker, ya hau doki da rauni a jikinsa ya tafi, yaron gidan Starrett na kiransa bai waiwaya ba. Manoman sun samu kwanciyar hankali da bindigarsa, amma garin da za su gina ba ya da masaukin mai jini a hannu, kuma shi ma ya sani.

High Noon na Fred Zinnemann, 1952, ya juya tambayar: me gari ke bin mai tsaronsa, me kuma shi ke bin gari? Gary Cooper ne Will Kane, jami'in tsaron da ya ajiye aiki ranar ɗaurin aurensa, sai labari ya zo cewa wanda ya taɓa ɗaurewa yana cikin jirgin ƙarfe 12 na rana. Fim ɗin minti 85 ne, kuma kusan daidai yake tafiya da agogon bangon da ake ta nunawa. Kane ya bi gida-gida, ya shiga gidan giya, ya shiga coci, kowa da uzurinsa. Alƙali ya tattara kayansa ya gudu. A ƙarshe amaryarsa, wadda aƙidarta ta hana ta ɗaukar makami, ita ce ta harbe ɗaya daga cikin maharan. Da mutanen gari suka fito bayan an gama, Kane ya cire lambarsa ya jefar a ƙasa. Marubucin labarin, Carl Foreman, an kira shi gaban kwamitin majalisa mai farautar 'yan kwaminisanci ana tsakiyar aikin, abokan sana'a suka dare masa, ya koma Ingila. Garin matsorata da ya zana, garinsa ne.

John Wayne da darakta Howard Hawks sun tsani fim ɗin, har suka mayar da martani da Rio Bravo a 1959. A ganin Hawks, ƙwararren jami'i ba ya yawon roƙon farar hula su taya shi faɗa. Saboda haka jaruminsa shi ke ƙin taimakon da aka kawo masa, ya tsare fursuna da mutum uku: mashayin giya mai ƙoƙarin tuba, tsoho gurgu, da wani saurayi. Rio Bravo ya fi daɗin kallo nesa ba kusa ba, akwai raha, akwai zumunci, kuma Dean Martin bai taɓa wasa mai kyau kamar na mashayin nan ba. Sai dai Hawks ya kauce wa tambayar. Ya nuna yadda mazaje ke riƙe amanar juna, bai ce komai ba game da ranar da jama'a za su rufe ƙofa su bar mutum ɗaya a titi. Zinnemann ne ya kalli wannan ranar ido cikin ido.

Sai The Searchers, 1956. John Ford, wanda ya ɗaga darajar Wayne da Stagecoach a 1939, a nan ya ba shi matsayin da ba a saba ganin jarumi a ciki ba. Ethan Edwards tsohon sojan kudu ne da ya dawo gidan ɗan'uwansa a Texas a 1868. 'Yan ƙabilar Comanche suka kai hari, suka kashe iyalin, suka tafi da ƙaramar yarinya Debbie. Shekara 5 Ethan yana bin sawu, kuma sannu a hankali mai kallo zai gane cewa ba ceton ta yake nema ba: so yake ya kashe ta don ta zama matar shugaban ƙabilar. Ƙiyayyarsa ta kai ya harbe idanun gawa, ya buɗe wa garken ɓauna wuta don kawai maƙiyansa su kwana da yunwa. Ford bai wanke shi ba. Ya nuna cewa shi ma shugaban Comanche ɗin fansar 'ya'yansa da fararen fata suka kashe yake ɗauka, ya kuma nuna sojojin gwamnati sun far wa ƙauye da mata da yara a ciki. Da Ethan ya riski Debbie sai ya ɗaga ta sama, ya kai ta gida. Kowa ya shiga ɗaki, shi ya tsaya a bakin ƙofa, ya juya, ƙofar ta rufe.

Fim ɗin yana da tabo, kuma bai kamata a rufe shi ba. Bature haifaffen Jamus, Henry Brandon, aka shafa wa launi ya fito a shugaban Comanche. Akwai wata mace 'yar ƙabilar da aka mayar abin dariya har aka shure ta, wurin da ke ɓata rai duk lokacin da aka kalla. Duk da haka ban san wani fim ɗin kaboyi na wancan zamani da ya matso kusa da faɗin gaskiyar yadda aka samu ƙasar ba kamar wannan.

Finafinan Italiya da suka biyo baya wata hanya suka ɗauka. A Fistful of Dollars na Sergio Leone, 1964, a Sifaniya aka ɗauki yawancinsa, labarin kuma na Yojimbo ne na Akira Kurosawa, har sai da magana ta kai ga shari'a. Clint Eastwood ya shigo gari ya haɗa gida biyu faɗa, ya ci kuɗin kowanne. Ido da kunne suna morewa: kyamara ta matso har ƙwayar ido, kiɗan Ennio Morricone ya ja rai kafin a zare bindiga, musamman a maƙabartar ƙarshen The Good, the Bad and the Ugly na 1966. Amma garin Leone ba shi da mutanen da za a ceta, don haka tafiyar jarumi ba ta da ciwo. Na fi ganin nauyin Leone a Once Upon a Time in the West, 1968, inda ya koma kan fili da rijiya da layin dogo.

A shekarar 1966 ɗin dai, Moustapha Alassane ya shirya Le Retour d'un aventurier a Nijar, da Zalika Souley cikin 'yan wasa. Saurayi ya dawo daga Amurka da akwatin kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Alassane ya tsaya ne a wurin mutanen ƙauye yana kallon mai malafar, wurin da Hollywood ba ta cika tsayawa ba.

In za a tambaye ni jeri, The Searchers ne a gaba, Shane na bi masa, sa'an nan High Noon. Wanda kuma ke son ya gwada ma'aunin da kansa, ya kalli High Noon da Rio Bravo a jere cikin dare ɗaya.