Asenik a Hannun Masu Maganin Ƙasar Sin

A kundin magungunan gargajiyar Sin, duwatsu suna da matsayi kamar saiwa da ganye. Li Shizhen, wanda aka buga babban littafinsa Bencao Gangmu a 1596, ya ware musu sashe guda. Biyu daga cikinsu asenik suke ɗauke da shi: xionghuang, dutse ja-ja da asenik ya haɗu da farar wuta a jikinsa, da pishuang, farin garin da ke fita idan an ƙona irin wannan dutse. Pishuang guba ce mai kisa, kuma masu maganin sun san haka sarai. Ƙa'idarsu ita ce cuta mai dafi da dafi ake tunkararta, don haka sukan ba da ɗan ƙanƙani a kan gyambon da ya ƙi warkewa, da fuka, da zazzaɓin cizon sauro.

Wannan ƙarfin hali ya ci rayuka. A zamanin daular Tang, sarakuna irin su Wuzong sun halaka garin shan haɗin ma'adinai da aka ce yana ƙara tsawon rai. Duk mai son yabon wannan al'ada, wajibi ne ya riƙa tuna wannan.

Amma daga cikinta ne aka samu ɗaya daga cikin manyan nasarorin yaƙi da sankarar jini. A gundumar Lindian ta lardin Heilongjiang, wani mai maganin ƙauye yana ba masu sankara haɗin abu uku: pishuang, da gishirin zaiba, da dafin kwaɗo. Han Taiyun, mai haɗa magunguna a asibitin Jami'ar Likitanci ta Harbin, ya mayar da haɗin allura a watan Maris na 1971, shi ya sa aka laƙaba mata 713. Daga nan likita Zhang Tingdong da abokan aikinsa suka yi abin da, a ganina, shi ne zuciyar labarin: suka warware haɗin, suka gwada kowane sinadari. Dafin kwaɗo na tayar da hawan jini, zaiba na taɓa ƙoda, asenik ɗin shi kaɗai ke aikin. Sannan suka lura ba kowace sankara yake kayarwa ba. Wadda ta fi jin sa ita ce nau'in da likitoci ke kira APL.

A wannan cuta, fararen ƙwayoyin jini ne ke tsayawa a ɓargo ba su gama girma ba, saboda wani gurɓataccen furotin da ke samuwa idan kuromosom na 15 da na 17 suka yi musayar yanki. A da, zubar jini kan kashe majiyyaci cikin 'yan makonni. Masu bincike a Shanghai, cikinsu har da Chen Zhu da Chen Saijuan, sun nuna cewa asenik na kama wannan furotin ne ya sa ƙwayar ta rushe shi. Amurka ta amince da maganin asenik ɗin a 2000. A 2013 kuma, wani gwaji na Italiya da Jamus ya haɗa shi da ATRA, dangin bitamin A da Wang Zhenyi ya fara ba masu cutar a Shanghai: bayan shekara 2, kashi 97 cikin ɗari suna raye ba tare da wata tangarɗa ba, yayin da waɗanda aka ba ATRA da kemo, wato maganin sankara da aka saba, suka tsaya a kashi 86.

Nan ne nake rabuwa da masu kafa hujja da labarin cewa duk abin da kakanni suka bari daidai ne. Kakanni sun nuna hanya, kuma da babu su da wuya likitan zamani ya yi tunanin ɗura wa mutum asenik a jijiya. Sai dai cikin abu ukun nan, biyu illa kawai suke yi, kuma tsofaffin littattafan ba su san APL ba balle su ware ta. Ko yau, ana ba da maganin ne a asibiti, ana auna bugun zuciya, ana duba hanta da gishirin jini, domin yana iya rikita zuciya.

Shi ma xionghuang ya samu shiga. Likita Huang Shilin ya haɗa shi da shuni da wasu saiwoyi ya zama ƙwaya ta haɗiya, wadda ta rage wa majiyyata zaman asibiti, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin muhimman magunguna a 2019. Zhang Tingdong kuwa ya daɗe duniya ba ta san shi ba, domin da Sinanci ya wallafa bincikensa na farko a mujallun cikin gida. A 2020 aka ba shi kyautar kimiyya ta Future Science Prize tare da Wang Zhenyi.