Hafsa da Alƙalami: Tsokaci a kan Yves Urvoy da Tarihin Yammacin Barno

1.0 Gabatarwa

Da yawa daga cikin Turawan da suka fara rubuta tarihin ƙasar Hausa da Barno a farkon ƙarni na 20, da kakin soja suka shigo ƙasar. Manjo Burdon na Sakkwato da Kyaftin Orr na Zariya misalai ne a ɓangaren Ingilishi. A ɓangaren Faransa kuwa, da wuya a sami wanda ya kai Kyaftin Yves Urvoy (1900-1944) tasiri. Wannan maƙala za ta dubi littafinsa na tarihin daular Barno, ta fuskar yadda idon hafsa ya taimake shi, da kuma inda ya taƙaita masa hange, musamman game da yankin Nguru da Gashuwa, wato ƙofar Barno ta yamma.

2.0 Hafsan da Ayyukansa

Urvoy ya yi aiki a rundunar mulkin mallaka ta Faransa a ƙasar Nijar, inda ya haɗa aikin soja da na zanen taswira da nazarin yanayin ƙasa. A 1934 ya buga fassarar tarihohin Agadas. A 1936 ya fito da Histoire des populations du Soudan central, wanda ya ƙunshi tarihin al'ummomin Nijar. Bakandamiyarsa, Histoire de l'empire du Bornou, ba ta fito ba sai 1949, bayan ya shekara biyar a ƙasa. Ƙarshensa bai yi kyau ba: a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya zama ɗaya daga cikin masu tsara wa gwamnatin Vichy aƙida, kuma 'yan gwagwarmayar ƙwato Faransa suka kashe shi a 1944.

3.0 Abin da Idon Soja Ya Gani

Dole a yaba wa Urvoy a kan abu guda. Kafin shi, mai neman tarihin Barno sai ya kutsa cikin tarin rubuce-rubucen H. R. Palmer, inda fassarar kundaye masu daraja ta cakuɗe da hasashen asalin kalmomi maras tushe, har a danganta sunan ƙauye da Misira ta dā don kawai sautinsu ya yi kama. Urvoy ya tsamo zaren labari daga wannan ruɗani, ya haɗa shi da bayanan Barth da Nachtigal da na Landeroin, hafsan tafinta na tawagar Tilho. Ya kuma shimfiɗa komai bisa ƙasa. Mutumin da ya saba lissafa zango da rijiya da abincin dawaki ba ya karanta labarin yaƙi kamar tatsuniya. Tambayarsa ita ce ta ina runduna ta bi, kwana nawa ta yi, kuma me ya sa daula ta iya riƙe wannan yanki ta kasa riƙe wancan.

Sai dai ko a fagen da ya fi alfahari da shi, wato lissafin shekarun sarauta, bincike ya wuce shi. Ya sanya mulkin Mai Idris Alauma daga 1580 zuwa 1617. Wasiƙun da fadar Daular Usmaniyya ta Santambul ta aika wa Mai Idris, waɗanda B. G. Martin ya yi nazari a kansu, na 1577 ne, wato shekara uku kafin lokacin da Urvoy ya ce ya hau gado. Dierk Lange, wanda ya koma ga matanin Larabci na jerin sarakunan, ya tsayar da 1564 zuwa 1596. Kuskuren ba na sakaci ba ne. Ya samo asali daga dogaro da fassarar wani maimakon ainihin kundi.

4.0 Nguru da Gashuwa: Inda Hangen Ya Gaza

A nan matsalar ta fi zurfi. Tarihin da aka gina kan jerin sarakuna da yaƙoƙinsu, daga fada yake kallon duniya. Babban madogararsa game da ƙarni na 16 shi ne littafin Imam Ahmad bn Furtuwa, limamin Mai Idris, wanda Palmer ya fassara a 1926. Limamin yabon ubangidansa yake yi. A wurinsa Ngizim da makamantansu masu tare hanya ne da suka cancanci horo. Idan hafsan mulkin mallaka, wanda shi kansa sana'arsa ita ce kwantar da ƙasar da aka ci, ya karanta irin wannan matani, ra'ayinsu kan zo ɗaya ba tare da ya lura ba: akwai hukuma, akwai masu yi mata taurin kai.

Ta wannan mahanga, Nguru sansani ce kawai. Gaskiya ne cewa tun ƙarni na 17 nan ne mazaunin Galadima, mai tsaron yammacin daular. Amma Galadima ya fi kwamandan barikin kan iyaka. Yana da fadarsa da hakimansa, kuma ta hannunsa hulɗar Barno da ƙasashen yamma take bi. Jihadi ya karya wannan iko a farkon ƙarni na 19, har Barth, da ya ratsa ta Gumel da Macina a 1851, ya tarar da Galadima Umar a Bundi, ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. (Kada a rikita Nguru da Ngurutuwa, inda abokin tafiyar Barth, Richardson, ya rasu a wannan shekara, wurare biyu ne dabam.) Ƙari a kan haka, iyakar da tawagar Tilho da O'Shee ta shata tsakanin 1906 da 1908 ta raba ƙasar Mangawa biyu. Urvoy a arewacin layin ya yi aiki. Muniyo da Damagaram ya san su da ƙafarsa da tafintocinsa, amma abin da ke kudancin layin, yawanci ta takardun wasu ya same shi. Yankin da tarihi ya haɗa, sai ga shi bincike ya zo masa rabi da rabi.

Badawa su suka fi cutuwa da wannan tsari. Ƙasarsu dausayi ce, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke haɗuwa kusa da Gashuwa su zama kogin Yobe. Da damina ruwa kan malale ta, doki ba ya shiga. Masanin yaƙi ya kamata ya ga dabara a nan, ya tambayi yadda al'umma ƙarama ta yi amfani da fadama da surƙuƙi da ganuwar Gorgoram, a ƙarƙashin Lawan Babuje da magadansa, ta tsira tsakanin Kukawa da Haɗeja. Tarihin fada ba ya yin wannan tambaya, domin a wurinsa wanda bai biya gandu ba ɗan tawaye ne.

5.0 Shaidar Harshe

Abin da kundin fada ya yi shiru a kansa, harshe ya adana. Tun 1960 Greenberg ya nuna tasirin Barbarci a kan Hausa, kuma sarautu irin su galadima da ciroma da yarima da kacalla shaida ne. A kan Bade da Ngizim, Russell Schuh ya nuna cewa kalmomin aro daga Barbarci sun yi yawa matuƙa, kuma da dama cikinsu sun riƙe baƙaƙen da Barbarcin yau ya sassauta. Irin sassaucin da ake nufi shi ne wanda ya mayar da tsohuwar siga kasugu ta koma kasuwu. Kalmar da ta shiga Bade kafin wannan sauyi tana ɗauke da shekarunta a jikinta. Aron kuma bai tsaya kan sarauta da makami ba, ya ratsa harkokin yau da kullum. Mutanen da ba su haɗuwa sai a fagen daga ba sa aron kalmomi haka. Akwai ciniki da maƙwabtaka da jin harsuna biyu na ƙarnoni, waɗanda ba su da gurbi a jerin yaƙoƙi.

Ba a rasa muryar waɗannan al'ummomi a rubuce ba tun kafin Urvoy. A cikin Polyglotta Africana na Koelle, wanda ya fito a 1854, akwai jerin kalmomin Bade da Ngizim da Duwai. An karɓe su ne a Firitawun ta Saliyo, daga bakin 'yantattun bayi da aka kamo daga wannan yanki aka bi da su har bakin teku.