Benen Zamani a Tsohuwar Unguwa: Sharhi Kan Wani Salon Gini

Gabatarwa

Dalilin wannan sharhi shi ne wani zanen gida da ɗan wani amini na ya kawo mini in duba. Yana nufin ya rushe soron kakansa da ke cikin tsohon garin Sabon Birni, ya ɗora bene: shaguna a ƙasa, sama kuwa ɗaki guda wayam, babu katangar da ta raba wurin kwana da wurin girki da wurin baƙi, ga manyan tagogin gilashi. Ya ce da ni wannan shi ne yayi a biranen duniya, Turawa na kiran sa lof. Na ga ya dace malaman makaranta da dattawa su san asalin salon kafin ya yi nisa a cikinmu.

Asalin Salon

A birnin Niyok na Amurka, cikin shekarun 1960, masana'antun unguwar Soho suka ƙaura suka bar manyan benaye fanko. Masu zane da sassaƙa marasa ƙarfi suka shiga suka zauna, saboda arha da fili da haske. Zamansu ya taimaka wajen hana rushe unguwar, har aka sa ta cikin wuraren tarihi a 1973. Daga nan masu kuɗi suka yi sha'awa, haya ta tashi, akasarin waɗanda suka raya wurin suka fita. Wata masaniya, Sharon Zukin, ta rubuta littafi a kan wannan a 1982. Abin lura shi ne, can tsohon gini aka tsare aka sauya masa aiki. Nan kuwa tsohon ginin ake shirin kayarwa don a kwaikwayi kamanninsu. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Bene Ba Baƙo Ba Ne

Ba hawa sama nake suka ba. Maginanmu sun daɗe suna ɗora soro kan soro da tubali da azara, su yi bakan gizo da ɗaurin guga, su shafe da makuba. Fataken Gadamus da suka zauna Kano suna da irin waɗannan gidaje, kuma Barth ya gan su a 1851. Amma soron benenmu na da ƙa'ida. Galibi yana kusa da zaure ko turakar maigida, tagoginsa ƙanana ne, ba su leƙa gidan kowa. Baƙo ya tsaya zaure, na kusa ya kai shigifa, tsakar gida ta iyali ce.

Inda Salon Ya Gaza

Na farko, sutura. Ɗaki guda wayam an yi shi ne don gwauro ko ma'aurata marasa 'ya'ya. Ina mai gida zai saukar da surukinsa? Ina maijego za ta yi arba'in? Sannan a tsohuwar unguwa gidaje manne suke da juna, bayan gida da wurin wanka a buɗe suke ta sama. Babbar taga a bene ta kware maƙwabta ke nan, alhali duk wanda ya karanta Risala ya san an hana buɗe tagar da ke tona asirin maƙwabci.

Na biyu, yanayi. Gilashi da kwano sun dace da ƙasar da ake neman rana. A bazarar Gobir, ba tare da tsayayyar wutar lantarki ba, irin wannan ɗaki tanda ne. Katangar ƙasa mai kauri ita ke riƙe sanyin dare har azahar.

Na uku, jama'a. Rashin tsaro na shekarun nan ya koro mutanen ƙauyuka da yawa zuwa cikin Isa da Sabon Birni. Gidan gado mai ɗakuna takwas na iya ɗauke zawarawa da marayu da 'yan gudun hijira. In aka mai da shi shaguna da ɗakin mutum ɗaya, ina za su nufa?

Dole kuma in yi adalci. Ginin ƙasa na son yaɓe duk shekara, ga azara ta yi tsada, gwanayen magina sun ƙaranta, ambaliyar 2010 kuma ta nuna mana rauninsa. Magada ma suna da haƙƙin cin moriyar abinsu. Amma akwai hanya. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano na ƙasa ne, an gyara su an ba su sabon aiki, suna nan tsaye.

Kammalawa

Mu Gobirawa mun san zafin rasa gari. Alkalawa ta faɗi a 1808, yau sai kufai da kaburbura. Sabon Birni da Ɗan Halima ya kafa a rabi na biyu na ƙarni na 19 ba ta da tarin tsofaffin gine-ginen da za mu yi wa riƙon sakainar kashi. Shawarata ga magada ita ce a bar zaure, a ƙarfafa gindin katanga da dutse, a gyara indararo, in za a hau sama a juya tagogi su kalli titi. Hukumar tarihi kuma ta ƙidaya sorayen da suka rage a garuruwan biyu, malamai su kai ɗalibai su auna su zana su. Yaron ya karɓi zanensa ya ce zai sake tunani. Allah Ya sa mu dace, amin.