Jinjina Ga Masu Yin Takardar Washi A Japan

A taskar Shosoin da ke birnin Nara akwai takardun ƙidayar jama'a na shekarar 702, kuma har yau ana karanta su. Aikin hannu ne na masu yin takardar washi.

Ƙarfinta daga ɓawon itacen kozo yake. Zarensa yakan kai santimita 1, alhali na katakon da masana'antu ke niƙawa ba ya wuce 'yan milimita. Ana dafa ɓawon, a tsince dattinsa da yatsu cikin ruwan sanyi, a buge shi da sanda, sannan a zuba yauƙin saiwar tororo-aoi, dangin kuɓewa, don kada zaren ya cure. Sai gwani ya riƙa karkaɗa matacin gora har zaruruwan su sarƙe da juna. Shi ya sa takardar ba kauri, amma ko an ja ta da wuya ta tsinke.

Masu gyaran tsofaffin littattafai a duniya da ita suke liƙe yagaggun shafuka.

A 2014 UNESCO ta sanya sana'ar washi ta yankunan Shimane, Gifu da Saitama cikin gadon al'adun duniya. Masu wannan sana'a sun cancanta, Allah ya ƙara wa hannunsu albarka.